Marayun Motoci Huɗu: Vibe, Scion xB, Kizashi da Saab, Wacce Za Ka Kai Gida?

Duk filin sayar da motoci yana da sahun baya. A gaba ake jera 'yan gata, su Corolla da Camry da Accord, ana wanke su safe da yamma, ana shafe musu taya har ta riƙa ƙyalli. Can ƙurya kuwa, jikin katanga, za ka tarar da wata ta yi wata uku ba wanda ya taɓa murfinta. Fenti lafiya lau, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, sai dai tambarin da ke goshinta babu wanda ya san shi. Ka tambayi dillali, ya ce maka, "Alhaji, wannan ai kyauta za a ba ka," ya faɗi kuɗin da zai sa ka sake waiwayen ta.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta yi ƙasa, mutanen da a da ko kallon sahun bayan nan ba sa yi, yanzu can suke fara nufa. Ban ga laifinsu ba. Amma a wannan sahu akwai zuma akwai maɗaci, kuma a kwalba iri ɗaya aka zuba su.

Huɗu zan ɗauka, waɗanda galibi daga Amurka ake shigo mana da su: Pontiac Vibe, Scion xB, Suzuki Kizashi da Saab 9-3. Abin da ya haɗa su maraici ne. An rufe Pontiac a 2010. Kamfanin motocin Saab ya karye a Disambar 2011. Suzuki tana nan da ranta, amma a Nuwambar 2012 ta sanar da daina sayar da motoci a Amurka, ita Kizashi kuma ba a daɗe ba aka daina ƙera ta gaba ɗaya. Toyota ta naɗe tabarmar Scion a 2016. Wannan ne tushen araharsu. To amma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san maraya iri biyu ne: akwai wanda mahaifinsa ya rasu ya bar shi cikin baffanni da kawunnai, akwai wanda aka bari a garin da ba shi da kowa. Abin bincike ke nan kafin a ƙirga kuɗi: wannan motar, su wane ne danginta a Ƙofar Ruwa, ko Panteka, ko Ladipo?

Bari in fara da mai dangi. A 1984 kamfanin General Motors (GM), mai Pontiac, da Toyota suka haɗa jari suka buɗe wata masana'anta mai suna NUMMI a garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kowa da abin da ya kawo shi. GM na son koyon yadda Japanawa ke ƙera ƙananan motoci marasa laulayi, Toyota kuma na son gwada aiki da ma'aikatan Amurka a ƙasarsu. A nan aka yi shekaru ana haɗa Corolla, a nan kuma aka fara haɗa Vibe a 2002. In Vibe ce Hassana, to Toyota Matrix ce Usaina, sai dai ita a garin Cambridge na lardin Ontariyo a Kanada ake haɗa ta. Riga kowa da tata, amma ƙashi da kayan ciki na Corolla ne. Ita masana'antar ma tana nan har gobe, da aka rufe ta a 2010 Tesla ce ta saye ta.

Ɗaga bonet ɗin Vibe ƙirar farko, wato ta 2003 zuwa 2008, za ka ga injin 1ZZ-FE mai lita 1.8, shi ne dai wanda ke cikin Corollar waɗannan shekarun da ta cika titunanmu. Ƙarfinsa wajen doki 130. Sarƙa ce ke jan taiminsa ba bel ba, don haka babu zullumin tsinkewa a tsakiyar daji. Giyarta atomatik ce mai hawa huɗu, ko manuwal mai biyar. Fulogi, kwayil, filta, fanfon ruwa, duk na Corolla ne, kuma yaron garejin da ya shekara biyu yana koyo ya riga ya sha kwance irinsa. Ƙafar bayanta ma ba tarkace: ƙarfe ne guda ya ratsa daga taya zuwa taya, ramukan hanya sai su gaji su bar shi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai wuraren da GM ta sa hannunta a ƙirar farko: rediyo, kwamfaresar esi da bututanta, har da bel ɗin da ke juya ta. Ka je kasuwa ka ce a ba ka na Matrix, kana iya dawowa da abin da ba zai zauna ba. A garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don haka ka tafi da tsohon a hannunka a gwada. Fitilu da bamba ma nata daban ne. Sa'ar da aka yi, motar ta yi yawa a ƙasar nan har masu kayan Beljiyam da 'yan gwangwan sun tara gawarwakinta, ba a shan wahalar nema kamar da.

Wannan yawan shi ne kuma ya rage mata armashi. Gaskiya Vibe ta fara ficewa daga sahun baya. Shekarun baya sunan Pontiac kaɗai ya isa ya zaftare mata kuɗi. Yanzu ɗan kasuwa ya gano ta, ma'aikaci ya gano ta, uwargida mai kai yara makaranta ta gano ta, dillalai kuma sun gano an gano. Tazarar da ke tsakaninta da Matrix ta ragu ƙwarai, wani wurin ma sai ka rasa ta.

Me ya sa aka so ta haka? But ɗinta. Ba kafet aka shimfiɗa ba, roba ce mai tauri. Ka loda buhun shinkafa, tukunyar gas, jarkar manja ta tsiyaya, ka zo ka sa ruwa da omo ka wanke, shi ke nan. Kujerun baya suna kwanciya shafe, ta mai zaman banza ma tana kifewa, sai ka zura doguwar darduma ko katako daga baya har dashbod. Gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai ba sai ka ɗaga murfin duka ba. Da yawansu suna da soket irin na bangon ɗaki a gaba, amma wutar Amurka yake bayarwa, bolt 115, don haka cajar kwamfuta da aka rubuta mata 100 zuwa 240 za ta yi aiki, kayan da wutarmu kaɗai suka sani ba za su yi ba.

Tana da nata laifin. Injinan farko, musamman na 2003 da 2004, suna da halin shan baƙin mai in sun tsufa, saboda ringin fistin da ke daskarewa. Toyota ta gyara ƙirar daga wajen 2005. Na 2005 zuwa 2008 kuma suna cikin waɗanda aka yi wa kiranye a 2010, wato kamfani ya ce a mayar da su a gyara, saboda birenbos (kwamfutar inji) da kan tsage ta ciki, mota ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi. Akwai kuma batun jakar iskar kamfanin Takata da ya shafi miliyoyin motoci a duniya, Vibe na ciki. Lambar shasi za ta nuna maka a intanet ko akwai kiranyen da ba a amsa ba kafin a ɗora ta a jirgi.

Iri biyu na ƙirar farko nake cewa a kauce musu. Ta ɗaya ita ce GT, mai injin 2ZZ-GE da Yamaha ta sa hannu wajen ƙera shi. Doki 180 gare shi a farkon fitowarsa, giya manuwal mai shida, amma ƙarfin ba ya fitowa sai ka matsa shi yana kururuwa, yana son fetur mai daraja, kayansa kuma ba su ne na Corollar kowa da kowa ba. Ta biyu ita ce mai ja da tayoyi huɗu, wadda aka daina bayan 2006. Ta fi nauyi, ta fi rauni, ta fi shan mai, ga ƙarin ƙarafa a ƙasanta masu jiran ranar lalacewa. An yi ta ne don ƙanƙara, kai kuwa ba ƙanƙara za ka taka ba. Ƙirar ƙarshe ta 2009 da 2010 ta zo da injin 2ZR-FE mai lita 1.8, irin na Corollar da ta biyo baya, ko 2AZ-FE mai lita 2.4 irin na Camry. Ta fi kyan gani, amma gilashin bayan nan mai buɗewa ya tafi, kuma in da zaɓi, 1.8 ɗin ya fi kwanciyar hankali, dalilin yana zuwa.

Wani abin dariya, an taɓa loda Vibe a jirgin ruwa daga Kalifoniya zuwa Japan, aka liƙa mata tambarin Toyota da suna Voltz, tsakanin 2002 da 2004. Japanawa ba su karɓe ta ba. Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Ko ka ci karo da ita an juya mata sitiyari, ka wuce abinka.

Wadda ta cancanci a ɗora ta a sikeli ɗaya da Vibe ita ce Scion xB, kuma a nan ne zaɓin yake da wuya. Toyota ta ƙirƙiro sunan Scion a 2003 don ta jawo samarin Amurka masu ganin Toyota motar iyayensu ce. Babu hannun wani kamfani a cikinta, a Japan aka ƙera ta, Toyota ce daga bamba zuwa bamba. Matsalarta a ido take. Akwati ce aka sa wa taya. Yara za su nuna ka a layi, abokai za su tambaye ka ko rabon burodi ka fara. Ka bar su, ka shiga ciki tukuna. Rufin ya yi sama, mai zanna bukar ko rawani zai zauna ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ƙofofin a miƙe suke, dattijo mai ciwon gwiwa zai shiga ya fita ba sai an riƙe shi ba. Na baya yana miƙe ƙafa kamar a babbar mota. Mitar gudu a tsakiyar dashbod take, kwana biyu ido ya saba.

Sunan ɗaya ne amma motoci biyu ne mabambanta. Ta 2004 zuwa 2006 ƙarama ce, mara nauyi, da injin 1NZ-FE mai lita 1.5, irin na Yaris. Mai kuwa lasa take yi, a cikin gari ta fi Vibe tattali. Amma ka ɗora mutum biyar, ka kunna esi, ka hau hanyar Kano zuwa Kaduna, ranar za ka san doki ɗari da 'yan kai ne kawai a ƙarƙashinka. Wuce tirela sai da lissafi da addu'a, iska tana kaɗa ta, ƙarar hanya tana shigowa. Bayan kujerun baya kuma wurin kaya kaɗan ne, mutane aka ba filin duka. Ta 2008 zuwa 2015 ta girma, ta ƙara nauyin kusan kilo 270, aka sa mata 2AZ-FE mai doki 158. Wannan tana da ƙarfi, tana zama a hanya daram, but ɗin ya faɗaɗa. Amma injin Camry ne a jikin akwati mai karo da iska, ga atomatik mai hawa huɗu kacal, don haka kada girman jikinta ya ruɗe ka: shan manta na babbar mota ne. A lissafin samfuri ba a yi xB ta 2007 ba, in dillali ya ce maka ta 2007 ce, ka duba lambar shasi ka ga wacce ce a cikin biyun.

Shi wannan 2AZ-FE, na wajen 2007 zuwa 2009 sun yi suna da shan baƙin mai, har Toyota ta amsa laifin ta tsawaita garanti a Amurka. Duk bakaniken da ya saba da Camry wadda ake yi wa laƙabi da Muscle ya san zancen, ya san maganinsa, kayan gyaran ma suna nan jibge. Amma gyaran kwance inji ne, ba na 'yan canji ba. Abin da ya sa na ce a Vibe ma a fifita 1.8 ke nan.

To a haɗa su gaba da gaba. A inji da giya, ɗan Juma ne da ɗan Jummai, dukkansu Toyota. A ɗaukar mutane xB ta yi gaba. A ɗaukar kaya masu datti da tsawo Vibe ta yi gaba. A kuɗin saye xB ce mai sauƙi, don har yanzu ana yi mata kallon bare. Inda suka rabu da gaske shi ne ranar da mai adaidaita sahu ya goge ka, ko dutse ya tashi daga tayar tifa ya fasa gilas. Vibe za ka samu nata a ranar ko washegari. Ita xB danginta na jiki, wato Toyota bB da Corolla Rumion, duk a Japan suke da sitiyari a dama, ba su zo nan ba. Gilashin gabanta mai tsayuwa kamar bango ba ya kama da na kowace mota, fitilarta ma haka. Sai an aika Legas, wani lokacin sai an jira kwantena. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, amma kana iya yin wata guda kana yawo da ido ɗaya. Ranar sayarwa ma Vibe kamar zinare take, ka fitar da ita da safe, kafin la'asar an taya. Mai xB sai ya jira wanda ya san ta, kamar yadda wanda ya sayar masa ya jira shi.

Yanzu sai wadda take ba ni takaici, Suzuki Kizashi. A cikin huɗun nan, in batun ingancin ƙira ake yi, ita ce zan sa a gaba. Ta fito a 2009, an sayar da ita a Amurka a matsayin samfurin 2010 zuwa 2013, a Japan ake ƙera ta. Salun ce da ta ɗan gaza Accord girma, mai injin J24B lita 2.4, doki 185 da manuwal mai shida, 180 da atomatik. Jakar iska takwas gare ta. Tana riƙe hanya a kwana kamar an manna ta, cikinta kuma ya fi kuɗinta kyau. A Disambar 2012 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da sakamakon wani sabon gwajin karo, inda ake buga gefen goshin mota kaɗai a jikin shinge. A cikin motocin iyali masu matsakaicin girma, Kizashi da Accord ne suka samu maki mafi kyau, Camry ta faɗi warwas. Wannan yabo ya zo ne wata ɗaya bayan Suzuki ta riga ta sanar da tattara kayanta. Sunan a harshen Japananci yana nufin alamar wani abu na tafe, abin dai bai iso ba.

In kana son ka san ƙarancinta, a 2014 an yi mata kiranye a Amurka saboda gizo-gizo na shiga wani bututun numfashin tankin mai yana saƙa yana toshe shi. Motocin da abin ya shafa na duk shekarun huɗu kusan dubu 19 ne. Corolla kuwa a wata ɗaya tana iya wuce haka a can. Mota ƙalilan aka sayar, ƙalilan suka yi haɗari, ƙalilan aka farke, don haka kayan Beljiyam nata ƙalilan ne. Injin yana da ɗan'uwa a Grand Vitara ta 2009 zuwa sama, amma a Vitara a miƙe yake kwance, a Kizashi a gicciye, kayan da ke kewaye da shi ba lallai su yi daidai ba. Ƙananan Suzuki sababbi da ake sayarwa a ƙasar nan kuwa suna kawai suka haɗa da ita.

Babban abin tsoro giyabos ne. Atomatik ɗinta irin wanda ake kira CVT ne, ba haƙoran giya a jere, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa. Tuƙinsa sumul, ba a jin canji. Amma ba ya son zafi, ba ya son lodi, kuma yana da mansa na musamman. Ranar da yaron gareji ya ɗauko man atomatik na yau da kullum ya ɗura masa da kyakkyawar niyya, ranar aka fara haƙa masa kabari. In ya mutu ba kasafai ake ɗinke shi ba, sauyawa ake yi, ga shi ba a samun na sauyawar a sauƙaƙe. Kizashi manuwal ta tsira daga wannan duka, sai dai samun ta kamar neman allura ne a cikin rairayi.

Saab 9-3 kuwa motar masoya ce, ba zan ɓoye ba ni ma tana burge ni. Kamfanin da jiragen sama ya fara a Suwidin a 1937, motarsa ta farko ta fito a 1949, kuma har ƙarshe bai daina yin abu yadda ya ga dama ba. Makulli ba a jikin sitiyari ake zura shi ba, a ƙasa yake tsakanin kujeru kusa da giya. Akwai maɓallin da in ka danna da dare duk fitilun dashbod za su mutu sai mitar gudu, don kada haske ya dami ido. Kujerunta, ka yi Abuja zuwa Sakkwato bayanka bai yi ƙorafi ba. Ƙirar 2003 zuwa 2011, wadda ake haɗawa a garin Trollhättan, tana da injin lita 2.0 mai turbo, doki 175 ko 210, tana tashi kamar an harba ta.

Dillali mai ilimi zai ce maka ai Opel ce, GM ce ta mallaki kamfanin daga 2000 zuwa 2010, kuma shasinta na Opel Vectra C ne. Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa ba. Injiniyoyin Saab sun sauya abubuwa da yawa, musamman wayarin. Kwamfutocin motar a ɗaure suke da juna, duk wadda aka canza sai an ɗaura mata aure da sauran ta hanyar na'urar Tech2, wadda ba kowane mai sikana ke da ita ba. Rewayan unguwa da ya saba yanke waya ya haɗa, a nan ɓarna zai ƙara. Mafi muni, in makulli ɗaya gare ka ya ɓata, ba yankan makulli za a yi ba, sai an canza wata na'ura da ke jikin sandar sitiyari an sake saita ta. Ga turbo mai son baƙin mai na asali a kan lokaci da fetur mai tsabta, ga cikinta kusa da ƙasa, kowane tudun rage gudu sai ya gaishe ta. Kayan gyaranta ana samu a intanet daga Turai da Amurka, da dala, da jiran makonni. Wanda yake da wata motar a gida, yana zaune kusa da garejin da ya san ta, kuma yana jin daɗin wannan wahalar, Allah ya ba shi sa'a. Mai mota ɗaya ya kalla ya yaba ya wuce.

Tarkon yana da wata fuskar kuma. Nasarar Vibe ta sa wasu na ɗaukan duk Pontiac Toyota ce. Pontiac G6 GM ce tsantsa, ba ta haɗa ko noti da Corolla ba. Honda Passport ta 1994 zuwa 2002 tambarin Honda ne a jikin Isuzu Rodeo. Suzuki Forenza kuwa Daewoo Lacetti ce ta Koriya. Tambari yana ɓoye alheri, yana kuma ɓoye akasinsa. Lambar shasi ce ba ta ƙarya, in ba a taɓa ta ba. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganin su ta gilashin gaba ɓangaren direba da jikin ƙofarsa, ka tabbata biyun sun yi daidai da na takardar kwastan. Vibe tana farawa da 5Y2, Matrix da 2T1, xB da JTL, Kizashi da JS2, Saab da YS3. Na goma a jerin shi ne shekarar samfuri: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har gaba.

In mota ɗaya za ka riƙe, ita ce ta ofis, ita ce ta kasuwa, ita ce ta zuwa ƙauye da sallah, ni Vibe zan nuna maka, mai lita 1.8, mai ja da tayoyin gaba, ta 2005 zuwa 2008. In ka tarar kuɗinta ya kamo na Matrix, to ribar sunan ta ƙare, ka ɗauki wadda ta fi lafiya a cikinsu kawai. In aljihu bai kai nan ba, zirga-zirgarka kuma a cikin gari take, xB ta farko za ta rage maka zuwa gidan mai, muddin za ka jure dariyar abokai kuma kana tuƙi da nutsuwa. In kana da iyali masu tsawo da tafiye-tafiye, xB ta biyu, amma ka nemi ta shekarunta na ƙarshe, ka ajiye wani abu daga rarar da ka samu don ranar gilas. Kizashi sai in manuwal ce, ko kuwa kana da bakaniken da ya san CVT kuma ka yarda ba za ka sayar da ita da daraja ba.

Kowacce ka zaɓa, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka je da sassafe da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka taɓa bonet ka ji sanyi. Ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama, don akwai masu cire ƙwan su ɓoye ciwo. A tayar, kai kana tsaye a bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. A leƙa ƙasa a ga ko an kwashe indomin salansar, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Sannan kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ɗauki hoton motar ka shiga kasuwar kayan gyara ta garinku, ka taya abu uku kamar yau kake buƙatar su: fitilar gaba ta dama, gilashin gaba, da kwamfaresar esi. Ka rubuta kuɗin kowanne da kwanakin da aka ce zai ɗauka kafin ya iso, ka koma wurin dillali da takardar a hannunka ku fara ciniki daga nan.